Wannan “-splain” da masu Turanci ke liƙa wa kowace kalma, daga ina ya fito?

Zainabu_Fassara:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya ce gare ni ga masana Turanci da ke cikinmu. An kawo mini wani rahoto zan juya shi zuwa Hausa don shirin rediyo, sai ga kalmar “mansplaining” ta cika shi. Ma'anar dai na gane ta: namiji ya tsaya yana yi wa mace bayanin abin da ta riga ta sani, ko ma ta fi shi sani, da salon wanda ya ɗauka ba ta san komai ba. Abin da ya ɗaure mini kai ƙirar kalmar ce. “Man” na san shi, “explain” na san shi, to ina “ex” ɗin ya shiga? Da na ƙara dubawa kuma sai na tarar abin bai tsaya nan ba, akwai whitesplain, richsplain, westsplain, har da womansplain. Wato “splain” ya zama wani gutsure da kowa ke ɗauka ya manna inda ya ga dama. Akwai ƙa'idar da ake bi ne, ko kuwa kowa gaban kansa yake yi? Wa kuma ya fara?

Ɗan_Kurmi:
Wa alaikumus salam. Malama, wannan ai ba Turanci ba ne, surutun 'yan Twitter ne. Kar ki wahalar da kanki, ki ce “raini” ki wuce.

MalamNahawu:
Ɗan_Kurmi, a yi haƙuri, Turanci ne kam. Babban ƙamus na Oxford ya shigar da ita a 2018, Merriam-Webster ma a shekarar ya shigar. Tun kafin nan ƙamus ɗin Macquarie na Ostireliya ya zaɓe ta a matsayin kalmar shekarar 2014. Daga sara ta faro, amma ta daɗe da wuce nan.

Malama Zainabu, “ex” bai tafi duka ba, rabinsa ne ya tafi. Ki furta explain a hankali ki saurari bakinki: ik-sflen, kusan haka. Harafin x ɗin nan sauti biyu ne a dunƙule, k da s. A rubuce kalmar ta rabu gida biyu, ex da plain, haka ma asalinta yake a Latin. Amma a baki, s ɗin yakan bar gaɓar farko ya manne wa ta biyu. Sannan nauyin furucin a kan gaɓa ta biyu yake, ta farkon ba ta da ƙarfi, kuma masu harshen sun saba yar da irin wannan gaɓar in suna magana da sauri. Because ta koma 'cause, about ta koma 'bout, excuse me ta koma 'scuse me. To haka explain ta koma 'splain a bakin mutanen gari tun ba a san za a yi intanet ba.

Da aka zo ƙera sabuwar kalma sai aka tarar da gurbi a buɗe. Gaɓa ɗaya ta fita, “man” kuma gaɓa ɗaya ce, ta shige daidai wa daida. Shi ya sa kalmar ta zauna a baki. Da “manexplain” aka ce, da wuya ta kai labari.

Ummu_Hanan:
Wata marubuciya ce 'yar Amurka ta ƙirƙiro ta, Rebecca Solnit. Na taɓa karantawa.

Injiniya_Rahma:
Ummu_Hanan 'yar'uwa, da ɗan gyara. Solnit ba ita ta ƙera kalmar ba, ita da kanta ta faɗi haka. Abin da ta yi shi ne ta rubuta maƙala a watan Afrilun 2008 mai suna “Men Explain Things to Me”, aka buga a shafin TomDispatch. A ciki ta ba da labarin wata liyafa da ta je a Aspen, jihar Colorado. Mai gidan ya tambaye ta a kan me take rubutu, ta fara cewa littafinta na baya-bayan nan a kan Eadweard Muybridge ne, mai ɗaukar hoton nan da ya ɗauki doki yana sukuwa a shekarun 1870. Ba ta rufe baki ba ya katse ta, wai ko ta ji labarin wani muhimmin littafi da ya fito a kan Muybridge a wannan shekarar? Ya shiga zuba mata bayani. Ƙawarta da ke gefe ta ce masa littafinta ne fa, bai ji ba, sai da ta maimaita sau uku ko huɗu kafin maganar ta shiga kunnensa. Ashe ma bai karanta littafin ba, sharhinsa kawai ya gani a jarida.

Maƙalar ta yaɗu sosai, kuma a cikin shekarar ne aka fara ganin kalmar a bakin masu tsokaci a dandalin LiveJournal. Wanda ya fara rubuta ta ba sananne ba ne. Zuwa 2010 jaridar New York Times ta sa “mansplainer” cikin kalmomin shekara.

Zainabu_Fassara:
Na gode ƙwarai, Malam da Injiniya. Maganar x ɗin nan ta warware mini rabin matsalar. Saura ɗaya rabin: yaya aka yi gutsuren ya ɓalle ya zama na kowa? Kuma explain ai ba ta da wani raini a cikinta, malami ma explain yake yi a aji. Daga ina rainin ya shigo?

MalamNahawu:
Nan ne daɗin maganar yake. Da farko mansplain haɗin gambiza ce kawai, an gutsuro nan an gutsuro can, irin brunch daga breakfast da lunch, ko smog daga smoke da fog, ko Brexit. Yawancin irin waɗannan nan suke tsayawa, ba sa haihuwa. Amma wasu kaɗan, in sun yi farin jini, sai mutane su ɗauka cewa gutsuren ƙarshen nan ɗafa-ƙeya ne na gaske, wato ɗafin da ake liƙawa a ƙarshen kalma, su cire shi su kai wani wuri. Wani masanin harshe a Amurka, Arnold Zwicky, ya raɗa wa irin wannan suna “libfix” a 2010, ma'ana ɗafin da ya sami 'yanci.

Abin lura shi ne, in gutsuren ya ɓalle, ba ma'anar uwar kalmar yake ɗauka ba, ma'anar haɗin farkon yake tafiya da ita. Watergate sunan wani rukunin gine-gine ne a Washington, inda aka fasa ofishin jam'iyyar Democrat a 1972, abin da ya kai ga murabus ɗin Shugaba Nixon a 1974. “Gate” ƙofa ce, ba ruwanta da abin kunya. Amma yau ka liƙa ta a bayan kowane suna, kowa ya san badaƙala kake nufi. Haka “-holic” daga alcoholic, aka samu workaholic da shopaholic. To haka “-splain”. Rainin ba daga explain ya fito ba, daga mansplain ya ɗebo shi, ya tafi da shi duk inda aka kai shi. Kamar maɓallin da aka cire daga tsohuwar riga ne ana ɗinka wa sababbi, duk rigar da ya hau sai an gane inda ya fito.

Sani_Hamburg:
Malam ka manta da garinmu. Hamburger asalinsa “na Hamburg” ne, kamar a ce Bakano ko Bazazzagi. Masu Turanci suka ga “ham” a farko suka ɗauka nama ake nufi, suka yanke daga nan, sai “burger” ya zama kalma, aka samu cheeseburger da sauransu. Alhali sunan garin ne aka raba biyu.

Ɗan_Kurmi:
To in haka ne ai mu ma muna yi. Kannywood fa? Hollywood unguwa ce a Los Angeles, Indiyawa suka yi Bollywood, mu ma muka yi namu. Kuma na ji an ce mujallar Tauraruwa ce ta fara amfani da Kannywood a ƙarshen shekarun 1990, kafin ma a san Nollywood. Ga kuma Dasukigate da jaridu suka yi ta yayatawa a 2015.

Zango_Kumasi:
Ku ƙara da “-athon”. Marathon gari ne a ƙasar Girka. Daga sunansa aka samo na tseren dogon zango. A 2023 Hilda Baci ta yi cook-a-thon a Legas, wato girkin dogon zango, kafin shekarar ta ƙare mu ma a nan Gana aka yi sing-a-thon, na waƙa, a Ankara. Daga nan kowa ya tashi da nasa athon.

Abu_Safwan:
Ni duk wannan nahawun bai dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne kalmar kanta zalunci ce. An ɗauki mummunar ɗabi'a an rataya wa jinsi guda sukutum. Mata ba sa yi ne? Wace amarya ce ba ta sha bayani daga dangin miji a kan yadda ake dafa abin da ta tashi tana dafawa a gidansu ba? Ɗabi'ar girman kai ce, kuma girman kai ba shi da namiji ba shi da mace. Sannan ina jin tsoron ranar da namiji zai ga 'yar'uwarsa za ta faɗa rami ya yi shiru don kar a ce ya yi mansplaining. Addini nasiha ne. Irin waɗannan kalmomin da ake shigo mana da su, ƙarshensu su hana mutane faɗa wa juna gaskiya.

Dr_Bilki:
Malam Abu_Safwan, bari in ba ka abin da ya faru da ni, sai ka gaya mini ko nasiha ce. Ina aikin dare aka kawo wata dattijuwa jininta ya hau sosai. Na auna, na rubuta abin da za a ba ta, ina yi wa 'yarta bayanin yadda za a sauko da shi sannu a hankali. Sai ɗanta ya shigo da waya a hannu. Ya wuce ni ya gaida ɗalibin da ke tsaye a bayana, ya ce masa “sannu da aiki likita”, ni kuma ya juyo ya ce “sista, bari in fahimtar da ke, hawan jini gishiri ne ke kawo shi”. Ya kama karanto mini abin da ke cikin wayar, layi bayan layi, har yana ɗaga yatsa. Farar riga ce a jikina, ga sunana da muƙamina a ƙirji. Da na ce masa sauko da jinin da gaggawa yana iya yi mata illa, ya girgiza kai. Ɗalibin nawa ya maimaita maganar da na faɗa, ko wasali bai canja ba, sai mutumin ya ce “yauwa likita, yanzu na gane”.

Ban ƙi a tambaye ni ba, ban ƙi a yi mini gardama ba, uwarsa ce a kwance, dole hankalinsa ya tashi. Abin da ya ƙona mini rai shi ne tun kafin in buɗe baki ya riga ya yanke cewa a ɗakin nan ba ni ce mai sani ba. Mai nasiha yakan fara duba wa yake yi wa magana.

Injiniya_Rahma:
Likita, na ƙarshen nan ma sun yi masa suna, “hepeat”, daga he da repeat: mace ta faɗi magana a yi banza da ita, namiji ya maimaita a yaba. Wata masaniyar taurari, Nicole Gugliucci, ta yaɗa ta a Twitter a 2017, ta ce ƙawayenta ne suka ƙera. Amma ita ba ta yi ƙarfin mansplain ba.

Abu_Safwan:
Likita, Allah ya ba ki haƙuri, abin da ya yi miki bai kyautu ba, ko kusa. Amma ki lura, mutum ɗaya ne ya yi miki. Ɗalibin da ya tsaya ya mara miki baya shi ma ai namiji ne. Me ya sa kalmar za ta haɗa da shi?

Dr_Bilki:
Ba ta haɗa da shi ba, Malam. In an ce “ɗan sara-suka” ba duk ɗa ake nufi ba. Kuma da a ce sau ɗaya ne abin ya taɓa faruwa da ni, da ban ma riƙe shi ba. Ka tambayi duk macen da ke aikin asibiti, ko kotu, ko wurin gini.

MalamNahawu:
Don a yi wa Malam Abu_Safwan adalci, ita Solnit ɗin ma ta nuna tana da ja a kan kalmar. A littafinta na 2014 da ya tattara maƙalun, ta ce ba ta cika amfani da ita ba, don tana iya sa a ɗauka cewa aibin a jinin maza yake, alhali abin da take nufi shi ne wasu mazan suna bayanin abin da bai kamata su yi ba, kuma ba sa sauraron abin da ya kamata su saurara. Saboda haka damuwarka ba kai kaɗai ke da ita ba.

A ɓangaren harshe kuwa, wannan ƙorafin ne ya haifi womansplain. A watan Fabrairun 2016, a wani zaman kwamitin majalisar dattawan Ostireliya, Sanata Katy Gallagher ta ce wa minista Mitch Fifield yana yi mata mansplaining. Ya fusata, ya ce ita yaya za ta ji in ya ce tana womansplaining. Kun ga a nan take ya cire gaɓar farko ya sa wata, kuma duk wanda ke ɗakin ya gane. Wannan ita ce shaidar cewa ɗafin ya riga ya tsaya da ƙafarsa.

Bulus_Wusasa:
Ina bin ku tun ɗazu. Tambayata, me ya hana su tsaya a kan kalmomin da suke da su? Akwai condescend, akwai patronize, akwai talk down. Abin sha'awa ma, condescend a da ba zagi ba ce. Asalinta “sauka tare”, wato babba ya sauko ya zauna da na ƙasa da shi. A tsohuwar fassarar Littafi Mai Tsarki ta King James, ta 1611, a Romawa 12:16, an yi amfani da ita a matsayin umarni, cewa a sauko a yi hulɗa da talakawa. Daga baya ne mutane suka fara jin cewa wanda ya ce ya sauko, ai ya riga ya ce yana sama ke nan.

Ɗan_Kurmi:
Patronize kuma a kasuwarmu alheri ce. “Thank you for patronizing us” muke rubutawa a rasit.

MalamNahawu:
Duka biyun daidai ne, Ɗan_Kurmi, daga patron suke, ubangida ko mai ɗaukar nauyi. Mai saye ubangidan shago ne, wanda ya ɗauke ka yaronsa kuma shi ma ubangida ya mai da kansa.

Malam Bulus, abin da tsofaffin kalmomin ba sa yi shi ne faɗin wane ne ya yi. Condescend ta nuna halin kawai. Ita kuwa “-splain” tana da kujera a gabanta da ake zaunar da mai laifin: man, white, rich, west. Kuma in kun duba, yawanci wanda ake ganin yana sama ne ake zaunarwa, yana yi wa na ƙasa bayanin rayuwar shi na ƙasan. Whitesplain, farar fata yana koya wa baƙi mene ne wariyar launi. Richsplain, mai kuɗi yana koya wa talaka tattali. Wannan ne sirrin yaɗuwarta, kuma shi ne dalilin da take ɓata wa mutane rai. Kalma ɗaya ce amma ƙara ce sukutum, da wanda ake tuhuma da laifin da ake tuhumarsa.

Ɗan_Haɗeja:
To wallahi in haka ne mu “bokosplain” ya fi damunmu. Mahaifina tun yana yaro yake noman gero da wake. Wata ƙungiya ta turo matasa garinmu da allo da majigi, suka tara dattawa a ƙofar mai unguwa. Wani yaro da bai fi ƙanena ba ya tsaya yana koya musu cewa wake yana gyara ƙasa, saboda haka su riƙa haɗa shi da gero. Baba yana zaune a kan buzu, hannunsa duk kanta, ya bar shi ya gama tsaf. Sannan ya ce, “Yaro, ka leƙa bayan gidan nan ka ga abin da ke cikin kunyoyin.” Geron ne da wake a jere, yadda kakansa ya bar masa. Da sun fara da tambaya, da ya gaya musu abin da ke cinye masa amfani, wato wuta-wuta da tsadar taki. A cikin matasan nan kuma har da mata, su ma bayanin suke zubawa. Shi ya sa na ɗan fahimci Malam Abu_Safwan.

Injiniya_Rahma:
Ɗan_Haɗeja, labarinka bai rushe na Likita ba ai, ƙarfafa shi ya yi. Abu ɗaya ne, kujerar gaban ce ta canja mai zama. Kuma ka ga kai ma ka ƙera “bokosplain” ba tare da ka tambayi kowa ba, duk mun gane. Amsar tambayar Malama Zainabu ke nan a aikace.

Westsplain ma haka ta samu. Mutanen Poland da Yukren da ƙasashen Baltik ne suka fi amfani da ita, musamman bayan Rasha ta afka wa Yukren a Fabrairun 2022, a kan masanan Yammacin Turai da Amurka da ke koya musu halin maƙwabciyar da suka zauna a ƙarƙashinta shekara da shekaru.

Ɗan_Maraɗi:
Mu ma nan Sahel mun san wannan ciwon, a zo daga Paris a yi mana bayanin ƙasarmu. Game da ƙirar kalmar, masu Faransanci sun yi tasu: “mecspliquer”, daga mec, wato gaye ko namiji, da expliquer. Tasu ta ma fi dacewa, don mec yana ƙarewa da sautin k, sai ya haɗe da s ɗin ya ba da sautin x ɗin cif. Amma gaskiya a rediyo da jaridunsu na fi jin ta Turancin.

Sani_Hamburg:
Jamusawa kuma “herrklären”, daga Herr, wato malam ko maigida, da erklären, yin bayani. Harafi biyu kawai aka ƙara. A Suwidin ma ƙungiyar ƙwadago ta Unionen ta buɗe layin waya na mako guda a Nuwamban 2016 don ma'aikata su kira su yi magana a kan abin. An yi ta cece-kuce, maza da yawa sun ji haushi.

Baba_Ritaya:
'Ya'yana, na karanta duka. Ni tsoron da nake ji daban ne. A tarbiyyarmu babba yakan yi wa yaro bayani ko da yaron ya sani, yaron kuma ya yi shiru ya saurara, ba don bai sani ba, don ladabi. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. In wannan kalma ta shigo gidajenmu, gobe jikata za ta ce ina yi mata wani splain.

Dr_Bilki:
Baba, Allah ya ƙara girma. Kai in ka yi mini bayanin zaman duniya zan durƙusa in saurara, ko da na taɓa ji. Amma na tabbata in ka zo asibiti ba za ka koya mini allura ba, kamar yadda mahaifin Ɗan_Haɗeja ba zai koya maka alli da allo ba. Ku ne ma kuka koya mana cewa kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Baba_Ritaya:
Haka ne, 'yata. Allah ya yi albarka. Amma dai a riƙa sassautawa.

Ummu_Hanan:
Ni abin da na lura da shi, yanzu kalmar ta fara lalacewa. A Facebook ko gyara na gaskiya namiji ya yi, a ce ta rubuta 2015 alhali 2016 ne, sai a ce ya yi mansplaining. In aka ci gaba a haka, ranar da abin gasken ya faru irin na Likita ba wanda zai ɗauke shi da nauyi.

Injiniya_Rahma:
Wannan gaskiya ne. Akwai wata Kim Goodwin da ta zana taswirar tambayoyi a 2018 don abokan aikinta maza, ta yaɗu har BBC ta ɗauka. Tambayoyin masu sauƙi ne: ta nemi ka yi mata bayanin? Ka fi ta sanin fannin? Ka tambaye ta ko tana buƙata? In ta tambaya, ba laifi ko kaɗan. Misalin da ya fi fitowa fili a wurina shi ne na Jessica Meir, 'yar sama-jannatin NASA. A 2016 ta saka bidiyo tana cikin ɗakin gwaji da aka zuƙe iskarsa, ruwa yana tafasa da kansa, wani ya zo ƙarƙashin rubutun yana koya mata dalilin tafasar. Wannan shi ne abin, ba gyaran kwanan wata ba.

Zainabu_Fassara:
Jama'a kun ba ni fiye da abin da na roƙa, Allah ya saka. Amma mu dawo kan aikina, don da Hausa zan yi magana a rediyo. Mu ba mu cika yanka kalma biyu mu haɗa ba, in ban da irin “Ingausa”. Me zan ce? “Iyayi” ta zo mini, “nuna sani” ta zo mini, “ba-ni-na-iya” ma haka, amma ko wacce sai in ji da saura.

MalamNahawu:
Da saura kam. Ɗan ba-ni-na-iya karɓe aikin yake yi ya ɓata, ba lallai ya yi bayani ba. Mai iyayi kuma burinsa a gan shi, ba ruwansa da ko ke kin sani. A ganina kar ki nemi kwaikwayon ƙirar Turancin. Hausa in za ta yi wa abu suna na sara, jimla take ɗauka ta dunƙule: hana-salla, faɗi-ka-mutu, a-kori-kura, ka-fi-zabo, a-daidaita-sahu, ta-zarce. Ko kuma ta yi amfani da ɗafi, irin “-anci” na malamanci da shashanci, ko “-iyya” da muka aro daga Larabci, daga Ƙadiriyya da Tijjaniyya har aka zo Kwankwasiyya da Buhariyya. Wannan “-iyya” ɗin shi ne ya fi kusa da abin da “-splain” ke yi, kujera a gaba, kowa ya zaunar da nasa. In ni ne, ta hanyar jimla zan bi, in ce “koya-wa-gwani”.

Abu_Safwan:
“Koya-wa-gwani” na yarda da ita ɗari bisa ɗari, don ba ta ambaci namiji ba.

Dr_Bilki:
Ni kuma dalilin da ya sa ba ta ishe ni ba ke nan. Rahoton da aka ba ta a kan abin da mata ke fuskanta a wurin aiki yake magana. In aka cire namijin an cire abin da rahoton ya zo faɗa.

Zainabu_Fassara:
Abin da nake tunani shi ne in faɗi ta Turancin sau ɗaya a farko, in bi ta da “bayanin raini da namiji kan yi wa mace a kan abin da ta fi shi sani”, daga nan in ci gaba da cewa “bayanin raini” kawai.

Injiniya_Rahma:
Anti Zainabu, “raini” ɗin ne nake ɗan jin nauyinsa. Yawancin waɗanda suka yi mini a wurin aiki, in kin tsare su za su rantse taimako suke yi, kuma har zuciyarsu haka suka ɗauka. Mai raini ya san yana raini. Wannan kuwa bai ma san ya yi ba, ɗauka kawai ya yi cewa ba ki sani ba. In mai sauraro ya ji “raini” zai ce ai ni ban taɓa raina kowa ba, ya kashe rediyon yana ganin da wasu ake.

Ɗan_Maraɗi:
To a gwada “bayanin ɗauka”, ko “ɗauka-ba-ta-sani-ba”. Ta yi tsawo, na sani. Malam Nahawu, ita “koya-wa-gwani” ɗin yaya za a yi da ita in mace ce, koya-wa-gwana za a ce? Kuma mai yin abin fa, ɗan koya-wa-gwani ne ko mai koya-wa-gwani? A nan wajenmu ina jin “ɗan” ɗin zai fi saurin kama baki.